Da Me Ake Gane Ƙasar Jam'iyya Ɗaya?

Tun lokacin da gwamnonin Delta da Akwa Ibom suka sauya sheƙa daga PDP zuwa APC a 2025, wasu kuma suka bi sahunsu, magana ɗaya ta ƙi barin bakin 'yan adawa: wai ana neman mayar da Najeriya ƙasar jam'iyya ɗaya. Masu mulki su ma amsarsu ba ta sauyawa. Su ce ai jam'iyyun da ke da rajista a hukumar zaɓe suna da yawa, kowace da tutarta da shugabanta, ina aka ga jam'iyya ɗaya a nan? Na saurari ɓangarorin biyu da kyau, abin da na fahimta shi ne kalma ɗaya suke ja, amma kowa da abin da yake nufi da ita. Muhawarar da ba a daidaita ma'anar kalmarta ba kuwa, har a tashi ba mai gamsar da wani. Shi ya sa a wannan makon nake so mu ajiye zafin siyasa gefe, mu tambayi kanmu: mene ne tsarin jam'iyya ɗaya, kuma da me ake bambanta shi da abin da ya yi kama da shi?

Amsa mafi sauƙi ita ce a buɗe kundin tsarin mulki a duba. Akwai ƙasashen da suka rubuta abin ɓaro-ɓaro. Jamus ta Hitler ta kafa doka a watan Yulin 1933 wadda ta haramta kowace jam'iyya in ban da ta Nazi. Tarayyar Sobiyet ta ba jam'iyyar kwaminis matsayin jagorar al'umma da gwamnati a sashe na 6 na kundinta na 1977, sai a 1990 aka janye wannan gata. A Ghana, Kwame Nkrumah ya shirya ƙuri'ar raba gardama a watan Janairun 1964, aka ce sama da kashi 99 cikin ɗari sun amince CPP ta zama jam'iyya ɗaya tilo. Da zaɓen majalisa ya zo a 1965, 'yan takarar CPP 198 duk suka wuce ba hamayya, ko akwati ba a fitar ba. Waɗannan ba su da wuyar ganewa, dokar da kanta ta faɗi sunansu.

Amma wanda ya tsaya ga doka kawai, rabin labarin zai wuce shi. A Kenya, Jomo Kenyatta ya haramta jam'iyyar KPU ta Oginga Odinga a 1969, KANU ta zauna ita kaɗai a fage, alhali kundin tsarin mulki bai hana kafa wata ba. Sai a 1982, zamanin Daniel arap Moi, aka saka sashen da ya mayar da abin doka. To, me ya sauya ga ɗan Kenya tsakanin 1981 da 1983? Kusan babu. A Kwaddibuwa ma, kundin 1960 ya amince da kafa jam'iyyu, amma shekara talatin PDCI ta Houphouët-Boigny ta yi ba kishiya. Nan kusa da mu, a Nijar, an rushe jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, tun kafin a sami 'yancin kai, PPN-RDA ta Diori Hamani ta riƙe ƙasa ita kaɗai har sojoji suka kifar da ita a watan Afrilun 1974. Masana sukan raba waɗannan gida biyu: jam'iyya ɗaya a dokance, da jam'iyya ɗaya a aikace. Rabon yana da amfani ga lauya. Ga talakan da ya je rumfar zaɓe ya tarar da hoto ɗaya, duk kanwar ja ce.

Idan doka ba ta wadatar ba, sai mutum ya ce to a ƙirga jam'iyyun. Nan ma akwai rami, kuma shi ya fi zurfi. Ƙasar Sin tana da ƙananan jam'iyyu takwas bayan ta kwaminis, suna da ofisoshi da kujeru a majalisa, amma sharaɗin wanzuwarsu shi ne su amince da jagorancin babbar. Jamus ta Gabas ta yi zamaninta da jam'iyyu biyar. Dukansu sukan shiga zaɓe a jeri ɗaya, an riga an raba kujerun majalisa tun kafin a kaɗa ƙuri'a, aikin mai zaɓe kawai ya naɗe takarda ya jefa. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. A zamanin Janar Sani Abacha an yi wa jam'iyyu biyar rajista, UNCP da DPN da CNC da NCPN da GDM, sai ga shi a watan Afrilun 1998 duka biyar ɗin sun tsayar da mutum ɗaya takarar shugaban ƙasa, shi ne mai riƙe da mulkin. Marigayi Bola Ige ya kira su yatsu biyar na hannun kuturu, sunan kuwa ya bi su. Da ƙidaya ce ma'auni, da Najeriyar 1998 ta fi Amurka dimokuraɗiyya, tunda can manyan jam'iyyu biyu ne kacal suke karɓa-karɓa.

Haka kuma akwai masu jam'iyya ɗaya da suka ƙi sunan jam'iyya ɗungurungum. Yoweri Museveni ya mulki Uganda daga 1986 zuwa 2005 da abin da ya kira tsarin da babu jam'iyya, inda aka ce kowa ɗan tafiya ɗaya ne. Tafiyar tana da shugabanni da rassa da kuɗin gwamnati, sauran jam'iyyu kuma an hana su taro da tsayar da 'yan takara. Sifili a takarda, ɗaya a ƙasa.

Bari in ɗan ratse nan, domin akwai wani abu a cikin kalmar kanta. Kalmar da Turawa suke kiran jam'iyya da ita ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin ɓangare ko yanki. Saboda haka a kunnensu, "jam'iyya ɗaya" magana ce mai cin karo da kanta, ɓangaren da ya ce shi ne duka. Tamu kalmar kuwa daga Larabci ta zo, daga tushen da ke nufin tarawa da haɗawa. Jam'iyyar Mutanen Arewa ma da ƙungiyar al'adu ta fara kafin ta rikiɗe ta zama NPC a 1951. Ina zaton wannan yana cikin abin da ya sa "jam'iyya ɗaya" ba ta yi wa kunnenmu nauyi sosai, har takan yi ƙamshin haɗin kai da zumunci. Shugabannin Afirka na farkon 'yanci sun san da wannan ƙamshi, sun kuma yi amfani da shi.

Wanda ya fi kowa kawo tsari a wannan fage shi ne masanin nan ɗan Italiya, Giovanni Sartori, a littafinsa na 1976 kan jam'iyyu da tsare-tsarensu. Ya lura cewa abubuwa uku ne mabambanta ake cusawa a buhu ɗaya. Akwai jam'iyya ɗaya tilo, inda ba a yarda wata ta wanzu ba. Akwai wadda zan kira jam'iyya mai babakere, inda ake barin wasu su wanzu, har su yi takara, amma an toshe duk wata hanyar da za su karɓi mulki. Akwai kuma jam'iyya mai rinjaye, wadda take ta cin zaɓe sau da yawa a jere (shi ya ce aƙalla sau uku da cikakken rinjayen kujeru) a fagen da kowa yake da damar kayar da ita. Layin da ya fi muhimmanci a wurinsa yana tsakanin ta biyu da ta uku. Biyun farko ba gasa a cikinsu. Ta ukun kuwa tana cikin dangin dimokuraɗiyya, ko da ta shekara hamsin a kan karaga.

Matsalar ita ce daga nesa mai babakere da mai rinjaye kamarsu ɗaya, kama da wane kuwa ba ta wane. Ɗauki Meksiko da Japan. Jam'iyyar PRI ta riƙe shugabancin Meksiko daga 1929 zuwa 2000. LDP ta riƙe Japan daga 1955 zuwa 1993 ba yankewa. Dukansu sun daɗe, dukansu suna da 'yan adawa a majalisa. Amma a Meksiko gwamnati ce take shirya zaɓe ta kuma ƙirga ƙuri'a, ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma rassan jam'iyya ne, shugaba mai barin gado shi yake nuna magajinsa da yatsa. A 1976 ɗan takarar PRI, López Portillo, shi kaɗai ne a takardar zaɓe, abin ya zama abin kunya har gwamnati da kanta ta gyara doka a 1977 ta ware wa 'yan adawa kujeru, don kada duniya ta ga fagen babu kowa. Wannan ita ce alamar mai babakere: tana buƙatar 'yan adawa kamar yadda mawaƙi yake buƙatar 'yan amshi, takan ma ciyar da su idan ta ga za su mutu. A daren zaɓen 1988, da sakamakon farko ya fara nuna ɗan adawa Cuauhtémoc Cárdenas yana ƙarfi, sai aka ce na'urar tattara sakamako ta tsaya. Da ta farfaɗo, PRI ce ta ci. Sai a 1989, bayan shekara sittin, aka bar ɗan adawa ya zama gwamnan jiha a karon farko. A Japan kuwa, ranar da LDP ta rasa rinjaye a 1993, ta tattara nata ya nata ta koma kujerar adawa, ta sake yin haka a 2009.

Botswana ta ba da irin wannan shaida kwanan nan. BDP ta mulki ƙasar tun daga 'yancin kai a 1966, shekara 58, mutane da yawa suna yi mata kallon jam'iyya ɗaya da ta sa rigar dimokuraɗiyya. A watan Oktoban 2024 ta sha kaye, Shugaba Mokgweetsi Masisi ya amsa shan kayen tun ba a gama ƙirga ba, Duma Boko ya hau. ANC ta Afirka ta Kudu ma ta rasa rinjayenta a 2024 bayan shekara talatin, ta shiga gwamnatin haɗaka ba tare da an ce na'ura ta tsaya ba.

A nan ne nake ganin raunin rabon Sartori, ko in ce wahalarsa. Idan ma'aunin shi ne ko jam'iyya za ta iya faɗuwa ta kuma yarda ta faɗi, to ba a tabbatarwa sai ranar da ta faɗi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ɗan ƙasa kuwa ba zai zauna shekara hamsin yana jiran sakamakon gwaji ba. Yana bukatar alamun da zai duba tun miya tana cikin tukunya. Ni dai abin da nake dubawa shi ne wa yake naɗa alƙalin zaɓe, kuma wa zai iya tsige shi. Ko ɗan adawa yana cin zaɓen gwamna ko na magajin gari a bar shi ya yi mulki da kason kuɗinsa cikakke. Ko ɗan kasuwar da ya ba 'yan adawa gudummawa yana kwana lafiya ba tare da masu haraji sun ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Ko shari'ar cin hanci tana bin mutum ne saboda abin da ya ci, ko tana tsayawa cik ranar da ya karɓi sabon kati. Inda asusun jam'iyya da baitulmali suka zama aljihu ɗaya, yawan tutocin da ke kan titi ba ya faɗa maka komai.

Su kansu ƙasashen jam'iyya ɗaya tilo ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba, kuma rashin adalci ne a jera Tanzaniyar Nyerere kusa da Jamus ta Hitler. Sartori ya raba su gwargwadon ƙarfin aƙida da tsananin danniya: akwai mai son mallake rayuwar mutum gaba ɗaya, har tunaninsa da tarbiyyar 'ya'yansa, akwai mai kama-karya wadda buƙatarta kawai ka yi shiru, akwai kuma mai sassauci wadda take haɗiye abokan hamayya maimakon ta murƙushe su. Julius Nyerere ya kafa hujja da cewa jam'iyyu barkatai sun dace ne da al'ummar da ta rabu zuwa azuzuwan masu gaba da juna, ƙasarsa kuwa maƙiyanta talauci ne da jahilci da cuta, ba wanda zai kafa jam'iyyar kare su. Kundin 1965 ya mayar da TANU jam'iyya ɗaya a babban yankin ƙasar, amma aka tsara cewa a mazaɓa a tsayar da 'yan takara biyu daga cikinta, jama'a su zaɓa. A zaɓen wannan shekarar ministan kuɗi da kansa, Paul Bomani, ya rasa kujerarsa. A Kenya ma 'yan majalisa da yawa sukan faɗi a kowane zaɓe ƙarƙashin KANU.

Wannan gasa ce ta gaske, ba zan raina ta ba. Ɗan majalisar da ya san zai iya faɗuwa yakan koma ƙauye ya duba rijiya da makaranta. Sai dai gasa ce a kan waye zai wakilci mazaɓa, ba ta taɓa kai wa ga tambayar ina aka nufa da ƙasar. Manomin Tanzaniya yana iya kayar da minista, amma ba shi da akwatin da zai jefa ƙuri'ar ƙin shirin tattara mutane a ƙauyukan ujama'a, wanda aka tilasta a tsakiyar shekarun 1970. Shugaban ƙasa kuma ɗan takara ɗaya ne, ko e ko a'a. Irin wannan 'yanci aro ne, mai shi yana iya karɓe kayansa duk ranar da ya ga dama. A 1988 Moi ya kawo zaɓen fid da gwani na bin layi, inda masu zaɓe suke jeruwa a bayan hoton ɗan takara a gaban jami'in gwamnati, aka riƙa bayyana gajeren layi a matsayin wanda ya ci. Tanzaniya ta buɗe ƙofa ga jam'iyyu a 1992, amma CCM, wadda aka haifa daga haɗewar TANU da jam'iyyar Zanzibar a 1977, har yau ita ke mulki. Ƙasa tana iya fita daga ɗakin farko ta faɗa na biyu, ta ce ta sauya gida.

Wani abin lura shi ne 'yan amshi ba kullum suke zama 'yan amshi ba. A Poland, ƙananan jam'iyyu biyu sun shekara arba'in suna ɗaga hannu duk lokacin da 'yan kwaminis suka ɗaga. A 1989, da suka ga iska ta juya, sai suka koma bayan ƙungiyar Solidarity, da ƙuri'unsu aka kafa gwamnatin Tadeusz Mazowiecki, firayim minista na farko da ba ɗan kwaminis ba a wannan yanki cikin shekaru arba'in. Shi ya sa bambanci tsakanin jam'iyya ɗaya tilo da mai babakere ba wasan masana ba ne kawai. Ƙofar da aka zana a bango don ado, wata rana ana iya fasa ta a wuce.

To, ina Najeriya ta faɗa? A matakin tarayya, ban ga hujjar kiran ta ƙasar jam'iyya ɗaya ba, kuma masu yin haka suna arahantar da kalma mai nauyi. An yi zamanin da shugaban PDP, Vincent Ogbulafor, ya ce jam'iyyarsa za ta yi shekara sittin tana mulki. Ta yi sha shida, ta faɗi a 2015, Goodluck Jonathan ya ɗauki waya ya taya Muhammadu Buhari murna. A 2023 Bola Tinubu ya ci da ƙasa da kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'u, ya rasa Legas ga jam'iyyar Labour, ya rasa Kano ga NNPP. Jam'iyyar da kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka juya wa ɗan takararta baya, ko sunan mai rinjaye da ƙyar take ɗauka.

Amma su ma masu mulki, ƙidayar jam'iyyu masu rajista ba ta wanke su. Abin da ya kamata a tambaya game da sauya sheƙa shi ne me yake kora mutane. Idan gwamna ya koma APC don ya ga jama'arsa can suka karkata, wannan siyasa ce, akwatin zaɓe zai yi masa hisabi. Idan kuwa ya koma ne don a wajen jam'iyya mai mulki ba a samun kariya daga bincike, ko ba a samun kunnen Abuja, to hanyar Meksiko aka kama, ko da ba wanda ya taɓa kundin tsarin mulki. Kundin 1999 ma ya bar giɓi: sashe na 68 da na 109 sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta dare, amma ba su ce komai a kan gwamna ba. Shi yana iya ɗaukar ƙuri'un da aka ba wata tuta ya kai wa wata, ya kuma ja majalisar jiharsa a baya, kowa ya ce jam'iyyarsa ce ta rabu.

Inda na fi ganin siffar babakere a ƙasar nan kuwa, ba Abuja ba ne. A ƙananan hukumomi take, kuma duk jam'iyyu suna da hannu a ciki. A Kano, APC ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya a 2018. A 2024 NNPP ta lashe 44 ɗin gaba ɗaya. Jiha ɗaya ce, mutanen su ne dai, gwamna ne kawai ya sauya. Haka abin yake a jihohin PDP da na APGA da sauransu, kusan ba togiya. A zaɓen da hukumar zaɓe ta ƙasa take shiryawa, waɗannan jihohi sukan rabu tsakanin jam'iyyu, wani lokaci da tazara kaɗan. A wanda hukumar jiha take shiryawa, sai a wayi gari kowa ya zama ɗan jam'iyyar gwamna har kansila na ƙarshe. Jam'iyyun adawa suna nan da rajistarsu, wani lokaci su shiga, wani lokaci su ƙaurace, sakamakon dai ɗaya. Masu kukan jam'iyya ɗaya a tarayya da yawansu haka suke gudanar da jihohinsu.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukuncin bai taɓa batun wanda yake shirya zaɓen ba. Har yanzu, bisa kundin tsarin mulki, gwamna ne yake naɗa shugaban hukumar zaɓen jiha da mambobinta, majalisar jihar kuma ta tabbatar da su.